Kyamarar Dako a Bakin Mashaya

A 'yan shekarun nan wata ƙaramar na'ura ta shiga hirar matasanmu na Makka da Jidda, musamman masu son fita daji a ƙarshen mako idan zafi ya sassauta. Kyamara ce da ba ta fi tafin hannu girma da yawa ba, mai launin ɓawon itace, wadda ake ɗaurewa a jikin bishiya a tafi a bar ta makonni, ita kuwa ta zauna dako dare da rana, duk dabbar da ta gifta gabanta ta ɗauki hotonta, ta rubuta kwanan wata da sa'a da ma'aunin zafi a ƙasan hoton. Yawancinsu a bidiyoyin maharban Amurka suka fara ganinta a YouTube, inda mutum zai jera hotunan wani ƙaton namijin barewa mai ƙaho mai rassa, ya nuna turbar da yake bi da lokacin da yake fitowa kiwo, sannan idan aka buɗe farauta ya hau bishiya ya jira shi a daidai wurin. Yanzu na'urar ta yi araha, ana samunta a shagunan kayan zango da kasuwannin intanet a kan 'yan ɗaruruwan riyal, don haka tambayar da wani ɗan yayata ya yi mini ba ta ba ni mamaki ba. Ya ce, "Kawu, tunda kai ka san kan wannan abu, me zai hana mu kafa biyu ko uku a wani kwari bayan Ɗa'ifa, mu ga ko akwai barewa?" Na ce masa gani ba laifi ba ne, abin da ake nufin yi bayan an gani shi ne abin dubawa.

Ina son wannan na'ura, kuma na daɗe ina aiki da ita. Sai dai aikin da maharbin Amurka yake yi da ita ya ginu ne a kan ƙasa mai yalwar ruwa da yalwar barewa da tsarin ƙidaya mai ƙarfi, kuma idan aka ɗauko wannan aiki aka dasa shi a duwatsun Hijaz, inda mashaya ƙalilan ce kuma dabbar da ta rage ta fi ruwan ƙaranci, to ya tashi daga farauta ya koma share ragowar da ta tsira. Kafin a kai ga wannan magana ya kamata a san na'urar kanta, domin da yawa daga masu sayenta ba su san abin da ke tashinta ba, shi ya sa suke komawa su tarar da ɗaruruwan hotunan ciyawa waɗanda babu ko ɓera a cikinsu.

A ƙarƙashin gilashin kyamarar akwai wata 'yar taga mai duhu wadda aikinta jin ɗumi. Motsi kaɗai ba ya tashinta, zafi kaɗai ma ba ya tashinta. Abin da take jira shi ne wani jiki wanda ɗuminsa ya bambanta da na abin da ke bayansa ya ratsa ta gabanta. Da zarar haka ta faru sai ta farkar da kyamarar, kuma masu kyau daga cikinsu suna ɗaukar hoto kafin rabin daƙiƙa ta cika, a tazarar da ba ta cika wuce mita 20 zuwa 25 ba. Hotunan suna taruwa a katin ajiya, wutar kuma daga ƙananan batura take zuwa, galibi guda takwas. Da dare tana haskawa ta ɗaya daga hanyoyi uku. Akwai mai farar walƙiya, wadda ke ba da hoto mai launi amma takan razana dabba. Akwai mai ɓoyayyen haske na nanomita 850, wadda ke yin ɗan ja-ja kaɗan ga wanda ya dube ta kai tsaye, hotonta baƙi da fari ne amma ya fi fitowa sarai. Akwai kuma ta nanomita 940, wadda idon mutum ba ya ganin haskenta sam, sai dai hotonta ya fi dishi-dishi kuma ba ya kai wa nesa. Dabarar kanta tsohuwa ce, domin tun a shekarun 1890 wani Ba'amurke mai suna George Shiras yana gitta zare a turbar namun daji a jihar Mishigan, dabba ta taɓa zaren, hodar walƙiya ta tashi, ta ɗauki hoton kanta da kanta, kuma mujallar National Geographic ta buga hotunansa a 1906.

Wannan taga mai jin ɗumi ita ce ke ba mu wahala a nan, kuma bidiyoyin Amurka ba sa faɗin haka saboda su a dajin sanyi suke aiki. Zafin jikin barewa bai wuce digiri 38 zuwa 39 ba, alhali dutsen kwarurrukan Makka da Tihama a watan Yuli yakan zarce wannan tun da hantsi, kuma yakan riƙe zafinsa har bayan magariba. Idan ɗumin dabba da na dutsen da ke bayanta suka zo ɗaya, sai ta wuce ta gaban kyamara kamar babu abin da ya wuce. A ɗaya gefen kuma, reshen ƙaya da rana ta gasa, idan iska ta kaɗa shi a gaban inuwa mai sanyi, kyamara takan ɗauke shi a matsayin mai rai, ta yi ta ɗauka har katin ya cika baturan su mutu. Maganin wannan shi ne a share ciyawa da rassan da ke kusa, a kauce wa fuskantar da ita gabas ko yamma inda rana ke shiga idonta safe da yamma, kuma a lokacin zafi a kunna mata tsarin da take ɗaukar hoto da kanta duk bayan 'yan mintoci, ko an wuce ko ba a wuce ba. Ta fi aiki daga Nuwamba zuwa Maris, kuma ta fi aiki a kan tsaunukan Sarawat, inda Ɗa'ifa take a tsayin kimanin mita 1,800, fiye da a ƙasa. Batir na yau da kullum yakan yi rauni ya tsiyaye a irin zafinmu, na litiyam ya fi juriya. Kada a ɗaure ta a tsakiyar kwari, domin ruwan da aka yi a kan tsauni yakan iso da ambaliya ba tare da ɗigo ɗaya ya sauka a wurin ba. Duk wanda ya taɓa hawa hanyar Hada kuwa ya san gwaggon biri, kuma ya san hannunsa yana buɗe abin da ba a kulle ba, saboda haka akwatin ƙarfe da kwaɗo ba ƙawa ba ne.

Wurin kafawa kuma, tsayin gwiwa zuwa ƙugu ya wadatar ga dabba mai girman barewa, kuma an fi so kyamarar ta kalli turba a karkace, ta yadda dabbar za ta daɗe a cikin idonta tana tahowa, maimakon ta gitta a guje a sami hoton wutsiya kawai. Abin da ya fi kome muhimmanci, wanda mutane suka fi mantawa, shi ne saita agogonta daidai, domin hoton da babu sa'a ta gaskiya a jikinsa ado ne kawai, ba ya koya wa mutum kome game da dabbar.

Maharbin Amurka yana bin shekarar barewarsu mai farar wutsiya ne wata bayan wata. Namijin wannan dabba yakan zubar da ƙahonsa duk shekara a ƙarshen hunturu, sabo ya tsiro a bazara lulluɓe da wata fata mai laushi, ya taurare wajen Satumba, abin da barewarmu ba ta yi, domin ita ƙahonta ɗaya ne har ta mutu. Tun da rassan ƙahon kowane namiji suna da nasu fasali, mai kyamara yana iya gane su ɗaya bayan ɗaya, har ya bi wani namiji shekara uku ko huɗu yana kallon girmansa. A watannin zafi yana kafa kyamara a bakin gonakin waken suya, inda mazan ke fitowa kiwo a tare da yamma. Idan Oktoba ta shigo sai mazan su rabu, kowane ya fara shata yankinsa, yana gurje ɓawon ƙananan bishiyoyi da ƙaho, yana kankare ƙasa da ƙofato ya yi fitsari a wurin, yana goga goshinsa a reshen da ke rataye a sama. Irin wannan wuri shi ne mafi albarka ga kyamara, domin kusan kowane namijin da ke yankin sai ya zo ya sansana, ko da yake mafi yawan zuwan da dare ne. A Nuwamba, lokacin barbara a yawancin jihohin arewa, mazan sukan bar taka-tsantsan su riƙa yawo da rana suna neman mata, sai a mayar da kyamara ƙuntatattun wurare da dole dabba ta bi, kamar tsakanin rafi da gona. Gwanin cikinsu ba ya tsayawa kallon ƙaho. Yana haɗa sa'ar kowane hoto da inda iska ta fito a ranar, har ya gane cewa wannan namiji ba ya bin wannan turba da rana sai iska tana busowa daga wata kusurwa. Kuma yana rage zuwa duba kyamara, idan zai je ya je da tsakar rana da takalmin roba, domin ƙafar mutum tana barin wari, babban namiji kuwa idan ya ji an matsa masa sai ya koma fita da dare kaɗai.

Ba na musun cewa akwai ilmi a cikin wannan, har ma akwai alheri, domin kyamara tana sa maharbi ya bar ƙananan maza su girma, ya zaɓi wanda ya manyanta. Amma a dubi abin da ke ƙarƙashin aikin. Wajen shekarar 1900 farautar kasuwa ta karya wannan barewa a Amurka har an ƙiyasta ba ta wuce rabin miliyan ba, sai aka hana sayar da naman daji, aka tsayar da lokutan farauta, a 1937 kuma aka yi dokar da ta mayar da harajin bindigogi da harsasai ga aikin farfaɗo da namun daji. Yau ana ƙiyasta ta a kimanin miliyan 30. Macenta takan haifi tagwaye idan kiwo ya yi kyau, kuma ta yi yawa har tana cinye amfanin gona tana haddasa haɗari a kan tituna. Kowace jiha tana ƙidaya, tana yanke adadin da za a harba, tana sayar da izni daidai da haka. A irin wannan ƙasa ko kyamara ta sauƙaƙa wa maharbi aiki, adadin da doka ta ba shi bai ƙaru ba.

Duk da haka su kansu ba su kwanta a kan maganar ba, musamman da aka fito da kyamarori masu layin waya, waɗanda ke tura hoto zuwa wayar mai su cikin 'yan mintoci, yana zaune a gida ko a ofis. Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887 kuma take riƙe da kundin manyan ƙahonni, ba ta karɓar dabbar da aka harba ta hanyar bin hoton da ya iso nan take. Jihohin da suka fi tsanantawa kuwa su ne na hamada, kuma wannan shi ne abin da ya shafe mu. Nevada ta taƙaita kafa kyamara a filayen gwamnati a watannin farauta tun 2018, Utah ta bi baya, Arizona kuma ta haramta amfani da kyamarar dako domin farauta gaba ɗaya daga 1 ga Janairu 2022. Dalilinsu a fili yake. A ƙasar da ruwa ya yi ƙaranci dabba ba ta da zaɓin inda za ta sha, don haka kowa ya ɗora kyamararsa a bakin 'yan mashayun da ake da su, har a tarar da kyamarori da yawa a kan ruwa ɗaya, masu su suna kai-komo suna dubawa, dabba tana jin ƙishirwa tana tsoron sauka. Hukumar jihar ta ga cewa wanda ya mallaki labarin kowace mashaya ya riga ya ƙwace wa dabba damar kuɓuta.

To, idan wannan shi ne hukuncin Arizona, ina ga ƙasar da muke zaune? Barewar tsauni da Larabawa ke kira idmi ta koma 'yan garke-garke a warwatse, kuma mafi yawan da suka rage a sake suna tsibiran Farasan ne a kudancin Bahar Maliya. Barewar rairayi, wato rim, da kyar ake ganinta a wajen gandayen da aka keɓe. Ta ukunsu, afri, an ayyana ƙarewarta daga doron ƙasa a 2008. Akuyar dutse, wadda har yanzu take maƙale a wasu duwatsu, ta fi su duka buƙatar sauka ruwa a kai a kai, kuma a tsakiyar rani kwari guda yana iya zama da ido ɗaya tal da bai ƙafe ba. Wanda ya sa kyamara a wannan ido na makonni biyu ya san yawan garken, ya san babban bunsurunsu, ya san sa'ar da suke sauka. Babu sauran abin da ya rage tsakaninsa da su sai jan kunamar bindiga.

An taɓa ganin abin da sabuwar na'ura take yi wa namun dajin wannan yanki. Shekaru aru-aru Larabawan ƙauye suna farautar mariri da barewa a kan raƙumi da ƙafa, dabbar ba ta ƙare ba, sai da mota mai ratsa rairayi da bindigar zamani suka haɗu a tsakiyar ƙarni na 20. Cikin 'yan shekaru jiminar Larabawa ta ɓace, kuma a 1972 aka kashe mariri na ƙarshe da ke yawo a sake, a ƙasar Oman. Abin da ya cece shi shi ne a 1962 an kama 'yan kaɗan, uku suka rayu, aka haɗa su da wasu da aka bayar kyauta, ciki har da huɗu daga garken Sarki Sa'ud, aka kai su gidan namun daji na birnin Phoenix, a wannan jihar ta Arizona, inda suka hayayyafa. A 1986 Saudiyya ta kafa hukumar kare namun daji, a 1990 aka fara sakin mariri a gandun Mahazat as-Said da ke gabas da Ɗa'ifa, a 1995 kuma a Uruƙ Bani Ma'arid a bakin Rub'ul Khali, gandun da UNESCO ta shigar cikin wuraren gado na duniya a 2023. Aikin shekara hamsin da dukiya mai yawa aka yi kafin a mayar da abin da motoci suka share cikin shekara ashirin ko talatin.

Saboda haka doka a yau ba ta bar wata ƙofa ba. Cibiyar kula da namun daji ta ƙasa ita ce ke ba da iznin farauta ta dandalinta na Fitri, kuma a shekarun baya-bayan nan lokacin yakan kama daga farkon Satumba zuwa ƙarshen Janairu, a kan wasu nau'o'in da aka lissafa, galibinsu tsuntsaye. Barewa da mariri da akuyar dutse da damisa da kura da kyarkeci ba sa cikin lissafin a kowane wata na shekara, tararsu tana da nauyi, kuma akwai rundunar tsaron muhalli ta musamman da ke sintiri a kan haka. Wanda yake zaune da iƙama ya san cewa irin wannan laifi yana iya taɓa zamansa da na iyalinsa, ba aljihunsa kaɗai ba.

Amma ba na so a bar abin don tsoron tara kawai. Mu mutanen da muka tashi a gefen Harami ne, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ko da razana abin farauta, balle kashe shi, kuma a Suratul Ma'ida, aya ta 95 da ta 96, Allah ya haramta farautar tudu ga wanda ya ɗaura harami. Gaskiya ne kwarurrukan bayan Ɗa'ifa ba sa cikin iyakar Harami, kuma farauta a asalinta halal ce. Sai dai malamanmu na Malikiyya sun karantar da mu cewa farauta don wasa makaruhi ce, kuma ban san wani matashi a Jidda da yake neman barewa don yunwa ba.

Akwai wani dattijo a unguwarmu wanda ya yi farauta a ƙasar Hausa yana saurayi, kafin ya biyo ta Chadi da Sudan ya ƙetaro. Na nuna masa hotunan kyamara a waya, ya daɗe yana jan su da yatsa, ya yaba ƙwarai. Sannan na ce, "Baba, da kuna da wannan a zamaninku fa?" Ya ce, "Ɗana, da mun gama da dajin tun kafin a haife ka." Ya bayyana mini yadda maharbi yake karanta sawu, ya gane daga zurfinsa da tazararsa ko dabbar tana gudu ko tana kiwo, ya murza kashinta a yatsa ya san ko na daren jiya ne ko na shekaranjiya, ya ga ƙaramin sawu a gefen babba ya san mai shayarwa ce ya ƙyale ta. Ya faɗi yadda ake ɗaura kan burtu a goshi, a durƙusa ana tafiya kaɗan-kaɗan ana caccakar ƙasa, iska tana bugun fuska, ana iya shafe rabin yini a haka sannan gada ta ɗaga kai ta tsere. Ya ce abin da ake nufi ke nan da kowa ya ci zomo ya ci gudu. Bai ɓoye mini cewa su ma sukan yi kwanto a mashaya ba, kuma ya san farautar gayya da ƙona daji sun yi ɓarna mai yawa a can gida. Amma maharbi mutum ɗaya ne, ido biyu gare shi, yana iya tsare ruwa ɗaya a dare ɗaya, barci ya ɗauke shi, sauro ya kore shi, gona ta kira shi idan damina ta faɗi. Kyamara goma kuwa suna tsare ruwa goma a kowane dare na shekara. Wannan bambanci shi ne zuciyar maganar a wurina, domin gajiyar maharbi da ƙarancin saninsa su ne suka riƙa bar wa dabba rata, kuma na'urar nan an ƙera ta ne daidai don ta toshe wannan rata.

Inda na ga amfaninta da idona shi ne a wani garken tumaki da ke kudu da Ɗa'ifa, a hanyar Baha. Mai garken ya yi ta rasa 'yan raguna da dare, makiyayinsa kuwa, wani Bahaushen Sudan daga yankin Sinnar, ya haƙiƙance kura ce ko kyarkeci, har an fara maganar a sa guba a mushe a ajiye. Na roƙe su su dakata, muka ɗaure kyamara a jikin dirkar shinge tana kallon kusurwar da ake ganin jini. Hotunan farko na wani ɗan dila ne da ke zuwa bayan isha'i, idanunsa farare fat saboda hasken, ya sansana ya wuce. Sai beguwa tana jan ƙayoyinta. Kura ta bayyana sau ɗaya, mai ratsi-ratsi, kanta a ƙasa, ba ta ko kalli shingen ba, ta nufi ramin da ake jefa matattun dabbobi. Masu ɓarnar sun fito ne gab da asuba: karnuka huɗu marasa gida, na gabansu mai yagaggen kunne, ya kwanta da ciki ya kutsa ta ƙarƙashin waya a inda ruwa ya zaizaye ƙasa, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Makiyayin ya kalli hoton ya ce, "Alhaji, wallahi da na ɗauki alhakin kura." Aka cike ramin da duwatsu, aka mayar da wurin zubar da mushe nesa da garke, asarar ta tsaya.

Ban ɗauki maganar gubar da wasa ba saboda abin da ya faru a Wadi Nu'uman, tsakanin Makka da Ɗa'ifa, a 2014, inda aka tsinci gawar damisar Larabawa wadda ta ci mushen da aka sa wa guba. Wannan dabba ana ƙiyasta ba ta kai 200 ba a daji a duniya duka, yawancinsu a duwatsun Zufar na Oman da kuma Yaman. Daga 2020 zuwa 2022 masu bincike sun baza ɗaruruwan kyamarorin dako a tsaunukan yammacin Saudiyya suna nemanta, suka sami kura da kyarkeci da sauran namun daji, amma ba su sami hoton damisa ko ɗaya ba. Labari ne mai ciwo, sai dai da shi ake tsara aikin kiwonta a cibiyar Ɗa'ifa da shirin mayar da ita yankin Ula, kuma babu wata hanya da za a iya sanin gaskiyar lamarin ba da wannan na'ura ba. Haka ma ma'aikatan gandaye suke sa ta a mashaya da wuraren da mazan barewa ke tara kashi don shata yanki, su ƙidaya 'ya'ya nawa ke bin mata nawa bayan shekarar fari, su kuma ga motar da ta shigo da dare ba da izni ba.

Wanda yake son ya saya ya kafa a gonarsa, ko a gonar wani da yardar mai ita, ina ƙarfafa masa gwiwa, domin yaron da ya ga yanyawa ko bushiya a hoton da aka ɗauka a bayan ɗakinsu yakan fara kallon dajin nan da wani ido daban. Sai dai akwai haƙƙoƙi. Gandun da aka keɓe ba a kafa kome a cikinsa sai da izni, haka wuraren soja da na kan iyaka. Kyamara ba ta bambance dabba da mutum, kuma a kwarurrukan da iyalai ke zuwa shan iska za ta ɗauki matan mutane da 'ya'yansu ba da saninsu ba, abin da addini bai yarda da shi ba, kuma dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga mai keta sirrin mutane da kyamara. Duk hoton mutum da ya shigo bisa kuskure a goge shi nan take.

Idan kuma Allah ya sa barewa ko akuyar dutse ta fito a hoton, to a nan ne ake buƙatar kame kai fiye da ko'ina. Wasu kyamarori, musamman masu layin waya, suna liƙa wa hoto bayanin wurin da aka ɗauke shi, kuma ko babu wannan, ɗan yankin yana gane tsauni daga surar kansa ko daga wata bishiya guda. Hoton da aka tura wa abokai biyar a WhatsApp yakan kwana a wayoyi ɗari, kuma a cikin ɗarin ba a rasa mai bindiga da mota. A yanke sararin sama da kan duwatsu daga hoton kafin a nuna wa kowa, kada a faɗi sunan kwarin, a ɗauke kyamarar daga bakin ruwan don kada yawan zuwa dubawa ya kori garken, sannan a aika cikakken hoton da kwanan watansa da wurinsa ga cibiyar kula da namun daji, domin su ne ke tattara irin wannan bayani kuma su ne ke da ikon sa ido a wurin.